A Tafi da Filasha, Ko a Bar Ta a Gida?

A wannan wata za mu taɓa wata tambaya da masu shirin tafiya ƙasashen waje sukan yawaita yi, musamman 'yan'uwanmu masu zuwa ziyarar ibada a Urushalima, da Urdun, da Roma. Sukan ce, "Malam, ga shi na sami kyamara, an kuma ba ni aron filasha. In tafi da ita, ko kuwa ƙarin kaya ce kawai?" Filasha dai ita ce fitilar nan mai walƙiya wadda masu hoto suke ɗorawa a kan kyamara, wadda takan kashe mana ido a wurin biki. Kyamarori da yawa suna da wata 'yar ƙarama a jikinsu, amma tambayar a kan babbar ce, wadda ake saya dabam.

Amsata ita ce, a cikin ƙungiyar matafiya mutum ɗaya ya isa ya ɗauke ta, sauran su bar tasu a gida. Shi ma ɗin da ya ɗauka, aikin da za ta yi masa da rana tsaka ya fi wanda za ta yi masa cikin duhu nesa ba kusa ba. Na san wannan zai yi wa waɗansu banbarakwai a kunne. To, bari mu bi maganar a hankali.

Mu fara da abin da filasha ba ta iyawa. Ba ta da dogon hannu. A aji nakan nuna wa yara wannan da tocila. Ka haska bango kana kusa da shi, za ka ga haske mai ƙarfi a wuri ɗan kaɗan. Ka ja da baya, sai hasken ya bazu, ya kuma dushe. Lissafin kuwa ba ya canzawa. In ka ninka nisa sau 2, kashi 1 cikin 4 na hasken ne yake sauka a kan abin da kake haskawa. In nisan ya zama sau 3, kashi 1 cikin 9 ke nan. In ya kai sau 10, sai kashi 1 cikin 100, watau kusan babu.

Kowace filasha tana da lambar ƙarfinta, ana rubuta ta a takardar da take zuwa da ita. Ta jikin kyamara yawanci lambarta wajen 12 ce. Idon kyamara kuma yana da ƙofa wadda take buɗewa tana tsukewa kamar ta idon mutum, ita ma da lambobinta, su 4, da 8, da 11, da sauransu. Babbar lamba, ƙaramar ƙofa. Sai ka raba lambar ƙarfin filasha da lambar ƙofa, abin da ka samu shi ne iyakar mitocin da hasken zai yi aiki. Raba 12 da 4, ka sami mita 3. Taki huɗu ke nan na babban mutum. Manyan filasha akan rubuta musu har 60, amma wannan sai an tattara hasken wuri ɗaya kamar na fitilar mota. In an baza shi don ya game ɗaki, ƙarfin yakan sauko wajen rabi, ya kai ka mita 7 ko 8. Ana iya ninka wannan nisa in an ɗaga lambar ISO daga 100 zuwa 400, watau an ƙara wa kyamara saurin jin haske. Duk da haka dai iyakarta ba ta da nisa.

Yanzu ka kwatanta wannan da wuraren da za ka shiga. Ƙubbar da take bisa kabari a Majami'ar Kabari Mai Tsarki a Urushalima ta haura mita 30. A Majami'ar Bitrus ta Roma rufin zauren kansa ya haura mita 40, ƙubbarta kuwa ta wuce mita 100. Wanda ya ɗaga kyamara a irin wannan wuri ya harba filasha, abin da zai samu shi ne ƙeyar mutumin da yake gabansa tana sheƙi, bayanta kuwa baƙi ƙirin. Dalili kuwa, da kyamara ta san filasha za ta tashi, sai ta rufe idonta da sauri, ta daina jiran hasken wurin. Ashe filasha ta ɓata hoton da zai fita da an ƙyale kyamara ita kaɗai.

Akwai dabarar da masu hoton biki suke yi a gida, su juya kan filasha sama domin hasken ya bugi silin ya sauko a hankali. Dabara ce mai kyau, amma tana bukatar silin fari mai kusa. Tsofaffin majami'un can kuwa duwatsu ne da hayaƙin fitilu ya dafe tun ɗaruruwan shekaru, ba abin da za su mayar maka.

Ko da a ce hasken zai kai, akwai abin da za ka yi hasara. Kogon Baitalami, inda tauraron azurfa mai tsini 14 yake a ƙasa, ɗan ƙaramin wuri ne, filasha za ta game shi sarai. Amma abin da yake sa wurin ya shiga ran mutum shi ne hasken fitilun mai da suke rataye, ja-ja, da inuwar da suke yi. Walƙiya ɗaya ta share wannan duka, hoton ya fito fari fat kamar na ɗakin ajiya. Ga kuma mutanen da suka yi sa'a guda ko fiye a layi, kowa ya sami ɗan lokaci kaɗan ya durƙusa ya yi addu'a. Wanda ya zo daga nesa don wannan ɗan lokacin, bai kamata ɗan'uwansa ya watsa masa wuta a ido ba. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalili, ko da babu dokar kowa.

Doka kuwa akwai ta. A gidajen kayan tarihi na fadar Paparoma an yarda ka ɗauki hoto, amma ban da filasha. A ɗakin sujada na Sistin, inda Michelangelo ya yi zanen rufi daga 1508 zuwa 1512, an hana hoto ɗungum, masu tsaro kuwa ba sa wasa. Haka yake a ramukan ƙarƙashin ƙasa na Roma inda Kiristocin farko suka binne matattunsu. A Urushalima ba a ɗaukar hoto a cikin ɗakin da aka ajiye naɗaɗɗun littattafan da aka samo a kogunan bakin Tekun Gishiri. A Bangon Yamma, inda Yahudawa suke addu'a, ba a ɗaukar hoto daga faɗuwar rana ta Jumma'a har Asabar da dare. Akan ce walƙiyar ce take cinye launin zane. Wani bincike da babban gidan zane-zane na Landan ya buga a 1995 ya nuna ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba in an gwada da fitilun da suke kunne a ɗakin yini guda. Damuwar da take jawo wa jama'a ita ce babba. Ko mene ne dalilinsu dai, kai baƙo ne, kada ka tsaya gardama da mai tsaro a ƙasar mutane.

Saboda haka abu na fari da kowane matafiyi zai koya, ko mai kyamara ko mai waya, shi ne yadda ake kashe filasha. Alamarta 'yar walƙiya ce da aka ja wa layi. Yawancin na'urorin nan in an bar su da hankalin kansu, da sun ga duhu sai su harba, ba sa neman izinin kowa. Ka kashe ta kuma in kana ɗaukar abin da yake bayan gilashi, ko ta tagar mota, gama gilashin zai mayar maka da hasken, ka sami farin tabo a tsakiyar hoto.

To, in wuri ya yi duhu, yaya za a yi? Ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, kyamarorin yanzu suna jurewa. Ka buɗe ƙofar ido iyakarta. Ka jingina da ginshiƙi ko bango, ka matse gwiwar hannu a jikinka, ka riƙe numfashi, sa'an nan ka latsa a hankali. Ka ɗauka sau uku, ɗaya zai fita. Masu waya ma sun fi samun sauƙi. Tun wajen 2018 da 2019 manyan kamfanonin waya suka sa wa wayoyinsu tsarin hoton dare, inda wayar takan ɗauki hotuna da yawa cikin 'yan daƙiƙu ta haɗa su wuri ɗaya. Abin da take bukata a wurinka shi ne ka tsaya cik. 'Yar fitilar bayan waya kuwa tocila ce kawai, ba ta wuce taki biyu.

Yanzu mu zo kan inda filasha take biyan kuɗin jirginta, watau a waje, rana na tsaka.

Duk wanda ya taɓa duba hotunan da maziyartanmu suke komowa da su ya san abin da nake nufi. Ga birni ya fito tas a baya, ga sararin sama shuɗi, ga tufafi sun yi kyau, amma fuskoki babu. Sai haƙora da fararen idanu. Iyali su taru suna ta nuni da yatsa, "Wannan Baba ne? A'a, Baba ne na gefe, ga hularsa." Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, ko ikkilisiya ta yi masa karo-karo, ya tafi ya dawo, ba kuwa hoto ɗaya da jikokinsa za su gane shi a ciki.

Ga abin da yake jawo haka. Kyamara ba ta san abin da kake so ba. Takan auna hasken duk abin da yake gabanta, ta nemi tsaka-tsaki. In yawancin wurin fari ne mai ƙyalli, sai ta tsuke idonta don kada farin ya ƙone. Da ta tsuke kuwa, duk abin da yake da duhu ya nutse. Fatarmu tana mayar da haske kaɗan ne in an gwada da farin dutse, saboda haka mu ne muke fara nutsewa. Urushalima kuwa birnin farin dutse ne. Tun 1918, zamanin da Turawan Ingila suke riƙe da ƙasar, aka kafa dokar cewa a riƙa fuskanta gine-ginen birnin da dutsen nan na wurin, mai launin madara. Ko'ina ka juya yana ƙyalli. A Tekun Gishiri, wanda yake fiye da mita 400 ƙasa da bakin teku, ga farin gishiri, ga ruwa yana walƙiya. A Kogin Urdun ga fararen riguna na masu shiga ruwa. A Tekun Galili jirgin ruwan yana da rumfa, mutane suna inuwa, ruwan da yake bayansu kuwa yana cikin rana. Duk tarko ɗaya ne.

Wannan matsala ma tsohuwa ce. A zamanin fim, katin da kamfanin Kodak yakan raba wa masu wanke hoto don su daidaita launi da shi, hoton Baturiya ne a kai tun daga shekarun 1950. Sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da mai mata masu launin fata iri-iri. Na'urorin yanzu sun gyaru ƙwarai, suna neman fuska su auna haske a kanta, amma rana tsaka har yanzu takan fi ƙarfinsu. Ranar da take bisa kai tana jefa inuwa a cikin kwarmin ido da ƙarƙashin haɓa. In an ƙara da hular malafa ko babban ɗaurin ɗankwali, fuska ta shiga rumfa ke nan.

A nan ne ake kunna filasha da gangan. Kyamara ta auna hasken bayan, filasha kuwa ta cike inuwar da take kan fuska. Ba a son ta yi ƙarfi har goshi ya riƙa sheƙi kamar an shafa man gyaɗa. A rage ta mataki ɗaya, yadda mai kallon hoton ba zai ma san an yi amfani da ita ba, sai dai ya ga idanu sun fito da ɗan ƙyalli a cikinsu.

Me ya sa ta jikin kyamara ba za ta wadatar ba? Mu koma kan lissafinmu. A cikin rana ƙofar ido takan tsuke zuwa wajen 11. Ba kuwa za ka iya buɗe ta ka ƙara saurin ɗauka yadda kake so ba, domin yawancin kyamarori ba sa tafiya daidai da filasha in saurin ya wuce kashi 1 cikin 200 ko 250 na daƙiƙa. Raba 12 da 11, ka ga mita 1 da 'yan kai. Da yake cike inuwa kawai ake so, a ce ta kai mita 2. Wannan ya isa hoton mutum ɗaya, ko miji da mata daga ƙirji zuwa sama. Amma mutum 15 a jere, dole mai ɗauka ya ja baya mita 4 ko 5, nan kuwa sai babbar. Shi ya sa na ce mutum ɗaya a ƙungiya, wanda aka danƙa wa hoton jama'a, ya tafi da ita.

Shi mai wannan aiki ya lura da jeri. In sahun gaba yana mita 2, na baya yana mita 4, na baya kashi 1 cikin 4 na hasken za su samu. Na gaba su ƙone, na baya su ɓace. Gara ya ja baya, ya matso da sahu biyun kusa da juna, ya kuma ɗan lanƙwasa su kamar baka, domin na gefe kada su fi na tsakiya nisa.

Wanda ba shi da filasha fa, kada ya karai. Akwai hanyoyi, ba ko kwabo. A sa mutum a bakin inuwa, ƙarƙashin ƙofa ko gindin itace, yana fuskantar waje, a kuma nemi baya mai ɗan duhu. A waya, ka taɓa fuskar mutumin a kan gilashi kafin ka ɗauka, wayar za ta auna haske a can. A kyamara akwai maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa, ka ƙara 1. Sararin sama zai ɗan yi fari, amma ai Baba ka je ɗauka. Wata 'yar'uwa kuma tana iya riƙe farin mayafi a gefe, inda rana take bugunsa, ya mayar da haske a fuska. Sai kuma lura da lokaci. Dutsen Zaitun yana gabas da tsohon birni. In kun tsaya a can da safe, birnin yana bayanku, rana tana haska fuskokinku da birnin gaba ɗaya, ba a bukatar komai. In kuka je da yamma, rana ta koma bayanku, sai inuwa. Ka tambayi mai yi muku jagora tun da dare, ƙarfe nawa za a kai ku can.

Ga masu zuwa Ingila ko Amurka bikin saukar karatun ɗa ko ɗaurin aure, hukuncin bai canza sosai ba. A babban zauren jami'a, daga kujerar iyaye zuwa dandamali ya fi ƙarfin kowace filasha, a kashe ta a jira yaro ya fito waje. A ɗakin liyafa mai farin silin kuwa tana da amfani ƙwarai. Sararin Ingila mai yawan gajimare alheri ne ga fatarmu, gama haskensa mai laushi ne, ba ya yin inuwa mai kaifi. Sai dai a watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, saboda haka a yi hoton waje da wuri.

Saura zancen nauyi. Yawancin jirage suna ba mai ƙaramin tikiti kilo 23 a akwati, jakar hannu kuwa kilo 7 ko 8. Babbar filasha da baturanta 4 ta kai rabin kilo. A gida wannan ba komai ba ne, amma ziyara tafiyar ƙasa ce, hawa da gangara a kan duwatsu tun safe har yamma, abin da aka rataya a wuya kuwa nauyinsa ƙaruwa yake yi da tsawon yini. Akwai matsakaita masu cin batir 2, nauyinsu wajen giram 200, ana iya juya kansu sama, suna kuma shiga aljihun riga. Ga matafiyi irin wannan na fi so, ko da yake sai ya ɗan matso kusa da mutanensa. Ka tabbata ta dace da irin kyamararka, domin bakin da ake ɗora ta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ta Canon ba ta jin maganar Nikon sosai.

Batura kuma, in na litiyom ne kuma ba a cikin na'ura suke ba, dokar jirage ta ce a jakar hannu za su zauna, ba a akwatin da ake aunawa ba. Ka naɗe bakinsu da salatif don kada su taɓa makulli ko tsabar kuɗi. Wutar Isra'ila da ta Italiya ƙarfinta ɗaya da tamu, bolt 230, amma ramin soket ɗinsu dabam yake da namu mai baki uku irin na Ingila, sai ka sayi adafta tun a gida. Ta Amurka 120 ce, ka duba jikin cajarka ko tana karɓa. Urushalima tana kan tudu, wajen mita 800, tana da sanyi sosai a Disamba da Janairu, sanyi kuwa yana kashe ƙarfin batir, saboda haka ka sa na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. A filin jirgi da shingen sojoji kuma, kyamara ta zauna a jaka.

In an ba ka aron filasha ana saura kwana biyu tafiya, ba ka kuwa taɓa aiki da ita ba, ka mayar wa mai ita da godiya. Motar maziyarta ba ta jiran mai karanta takardar bayani. In kuwa da sauran mako biyu ko uku, ka tara yaran gida da ƙarfe 12 na rana, ka tsayar da su a gaban farin bango, waɗansu da hula, waɗansu babu. Ka ɗauka da filasha, ka ɗauka babu ita, daga taki 2, da taki 4, da taki 6. Ka rubuta a 'yar takarda inda fuskoki suka fara nutsewa, ka manna ta a bayan filashar.